Littafin Makoki: Kukan da Bai Yanke Ƙauna Ba

A cikin Littafi Mai Tsarki, bayan annabcin Irmiya, akwai wani ɗan littafi mai sura 5 da ba a cika yin wa'azi da shi ba. Sunansa Makoki. Waƙoƙin kuka ne a kan Urushalima, bayan da sojojin Nebukadnezzar, sarkin Babila, suka rushe ta, suka ƙone Haikali, wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen da suna cewa Irmiya ne ya rubuta shi, ko da yake littafin bai faɗi sunan mai shi ba. Tun 1932 yake hannunmu da Hausa, amma har yau ayoyi biyu ko uku kawai akasarin masu bi suka sani a ciki.

Abin da ya fara kama ni shi ne mawaƙin bai rufa wa wahala asiri ba. Ya nuna birnin kamar macen da mijinta ya mutu, tana kuka cikin dare ba mai rarrashi. Ya nuna yara suna suma a kan hanya suna tambayar iyayensu mata abinci, harshen jinjiri ya manne wa ganɗarsa don ƙishirwa. A sura ta 5, ruwan sha da itacen girki ma sai an saya. Wanda ya ga 2005 a Tajaye ko Malbaza, lokacin da fari da fara suka bar rumbuna wayam har mutane suka koma ga cin anza, ba ya bukatar mai fassara masa waɗannan ayoyi. Haka ma wanda ya ga yadda kaya suka yi tsada a Ƙonni da aka rufe iyaka a 2023.

Zuciyar littafin tana sura ta 3. Mutum ɗaya ne ke magana, kuma ya kwashe ayoyi 20 yana kai ƙara a kan Allah kansa: an kewaye shi da katanga, addu'arsa ba ta wucewa. Sai a aya ta 21 ya tuna da wani abu, cewa jinƙan Ubangiji bai ƙare ba, kowace safiya sabo yake zuwa. Ku lura, ba abin da ya sake a waje. Ganuwa na nan a rushe, yunwa na nan, 'yan'uwa na can bauta. Begen bai jira sauƙi ya zo ba tukuna. Shi ya sa na yarda da shi. Mu da muke saurin ce wa mai makoki ya yi haƙuri tun bai buɗe baki ba, littafin nan ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya kai shi bakin jinƙai. Kirista kuwa, in ya iso aya ta 30, inda ake zancen miƙa kumatu ga mai mari, Yesu ne zai faɗo masa a rai.

Da Ibraniyanci, surori 4 na farko an jera su ne bisa haruffa 22 na harshen, daga na fari zuwa na ƙarshe. Hausa ba ta iya ɗauko wannan ƙawa ba, amma in aka karanta da ƙarfi, nauyin kukan yana nan.

Inda nake jan kunne shi ne wajen zunubi. Mawaƙin ya ɗora masifar a kan laifin al'ummarsa, da annabawanta da firistocinta, kuma ga tarihinsu hakan yana da tushe. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya shiga asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, ya tsaya kan uwar da tamowa ta kama ɗanta ya ce mata alhaki ne. Yesu da kansa ya ƙi irin wannan hukunci a kan wanda aka haifa makaho, a Yohanna sura ta 9. Makoki yana son a haɗa shi da littafin Ayuba.

Ƙarshen littafin bai ɗaure zance ba. An roƙi Allah ya komo da jama'arsa, sai aya ta ƙarshe ta bar fargabar ko ya yashe su ne gaba ɗaya. Yahudawa in sun karanta shi a majami'arsu sukan maimaita ayar roƙon, don kada a tashi a kan fargaba. Ayoyi 154 ne duka, zama ɗaya ya ishe su, kuma zan so fastocinmu su karanta wa ikilisiya shi daga farko har ƙarshe, ba tsakiyar kaɗai ba.