Komawa ga Wa? Nazarin Ma'anar Tuba a Littafin Estelle Frankel

A shekarar 2003 ne Estelle Frankel, masaniyar warkar da damuwar rai ta hanyar tattaunawa a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta fitar da littafinta mai suna Sacred Therapy. Ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne kalmar Ibrananci teshuba, wadda tushenta ke nufin komawa. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga manazarta harshe, domin 'yar'uwa ce ga tauba ta Larabci, inda Hausa ta aro tuba.

A kan wannan ma'ana ta asali marubuciyar ta ɗora aikinta. A ganinta, mai fama da damuwa mutum ne da ya yi nisa da ainihin kansa, waraka kuwa ita ce ya dawo. Ta ƙarfafa hujjarta da koyarwar Ishaƙu Luriya, malamin sufancin Yahudawa na garin Safad a ƙarni na 16, game da tukwanen haske da suka farfashe a farkon halitta da kuma wajibcin gyara su. Babu shakka hoton ya dace da zuciyar da ta karaya, kuma a nan ne littafin ya fi armashi.

Sai dai akwai abin dubawa. Musa ibn Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara dokokin tuba a kundinsa Mishne Tora, ya kuma shardanta furta laifi da baki, da nadama, da ƙudurin dainawa. Cikakkiyar tuba a wurinsa ita ce mutum ya sake samun damar aikata laifin, ya ƙi. Uwa-uba, laifin da aka yi wa ɗan'adam ko Ranar Kaffara ba ta kankare shi, har sai an biya mai hakki an nemi yardarsa. Wato a wannan tuba akwai wani mutum tsaye a waje yana jira. Shi kuwa ɗakin jinya mutum biyu yake ɗauka, kuma wanda aka zalunta ba ya cikinsu. Duk lokacin da aka fassara komawa da komawa ga kai, nauyin kalmar yakan karkata daga hakkin wani zuwa samun sauƙin mai laifi.

Wannan giɓi ne Danya Ruttenberg ta waiwaya a littafinta On Repentance and Repair na 2022, inda ta bi matakan Ibn Maimun, ta sa wanda aka cuta a gaba.