Ma'aikaci Mai Yawo a Bakin Mawaƙa: Nazari a kan "Waltzing Matilda"

"Waltzing Matilda" ita ce mafi shahara cikin waƙoƙin da aka yi wa ma'aikaci mai yawo a ƙasar Ostiraliya. Shi ne ake kira swagman, wato mai tafiya da ƙunshin shimfiɗarsa a baya yana neman aiki daga wannan gidan kiwo zuwa wancan. Banjo Paterson ya tsara baitocinta a 1895 a jihar Kwinslan. Labarin gajere ne: matafiyi ya yada zango a bakin tafki, ya kama tunkiyar da ba tasa ba, mai garke ya zo da ƴan sanda uku, shi kuwa ya faɗa ruwa ya mutu don kada a kama shi.

Abin da waƙar ta yi shiru a kansa shi ne aiki. Ba ta faɗi inda mutumin ya yi ƙodago ba, ko nawa aka biya shi, ko abin da ya jawo masa yunwa. Alhali kuwa masu askin tumaki sun yi yajin aiki a Kwinslan a 1891 da 1894, har aka ƙone rumfar aski ta Dagworth, gidan kiwon da Paterson ya sauka a 1895. Daga baya, a 1903, aka gyara waƙar domin tallar shayin Billy Tea, aka ƙara wa matafiyin siffar mai fara'a. Ta haka mayunwaci ya koma ɗan annashuwa, talaucinsa ya zama abin ado.

Hausa ba ta ɓoye wannan al'amari haka ba. Kalmar "ci-rani" da kanta tana ɗauke da lokaci da dalili: bayan girbi namiji ya bar gida, ya rage wa rumbu baki, ya dawo da saukar damina. A waƙar "Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos kuwa, sana'ar yaron mota ita ce kan magana.

Wannan bambanci ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci da masu fassara. In aka ce wa swagman "ɗan yawon banza", an zalunce shi, domin aiki yake biɗa. In aka ce "ɗan ci-rani", an kusanci ma'ana, amma an ba shi gona da gidan komawa waɗanda sau da yawa ba shi da su. Dole ne kalma ta zo tare da bayani.

Haka nan masu tattara waƙoƙin baka a Adar da Gobir da Damagaram, inda samari ke tafiya Kano da Abijan, ya kamata su rubuta garin da aka je, da aikin da aka yi, da ladan da aka samu, kusa da kowace waƙa. Su nemi kuma waƙoƙin daka da niƙa na matan da aka bari a gida, domin rabin labarin tafiyar yana wurinsu.