Takardar kuɗin da ba ta taɓa zuwa kasuwa ba

A watan Agusta na 1914, da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, mutanen Faransa suka ɓoye kuɗin azurfa, canji ya yi wuya a kasuwanni. Sai majalisun ƴan kasuwa na birane suka shiga buga ƙananan takardun kuɗi na santim 50, tamma 1 da tamma 2, bayan sun ajiye kwatankwacinsu jingina a Bankin Faransa. Gwamnati ta kau da kai, har zuwa 1926 da aka janye su.

Masu tara tsoffin kuɗi na neman waɗannan takardu ruwa a jallo, kundin da Jean Pirot ya tsara shi ne jagoransu. Aikin ya cancanci yabo, domin ya jera su gari gari, kowace da lambarta, ya fid da su daga mantuwa. Amma ma'aunin da masu tarawa ke bi yana da gyara. A wurinsu, takardar da ta fi tsada ita ce sabuwa fil, wadda ba a taɓa ninkewa ba, wato wadda ba ta taɓa sayen burodi ba. Wadda ta sha hannu har ta yi laushi, ita ce mai araha, alhali ita ce ta yi aikin da aka buga ta dominsa.

Wannan ma'auni kuma yakan daidaita abubuwan da ba ɗaya ba ne. Birnin Lille ya zauna a hannun Jamus daga Oktoba 1914 zuwa Oktoba 1918. Takardun da hukumar garin ta buga shaida ce ta mamaya da ƙunci, ba ƙarancin canji kaɗai ba. Farashi ba ya faɗin wannan.

Matsalar ta ƙetaro teku. A 1917 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da irin waɗannan ƙananan takardu a Senegal, Gine, Kodebuwa da Dahome. A ɗakin mai tarawa, shafi ne na ƙarin bayani. Ga ɗan Afirka, babi ne na tarihin kuɗin Turawa a ƙasashensa.

Saboda haka malamin tarihi ya fi mai tarawa bukatar tsohuwar takarda. Tambayar da za ta koya wa ɗalibi ba ta tsufa: wa ya sa hannu a kanta, kuma me ya sa talaka ya yarda ya karɓa?