Kyauta Ko Ciniki? Tsokaci Kan Littattafan Ilmi Na Intanet A Birnin Kano

Manufarmu a nan ita ce mu auna kalmar "kyauta" da ake laƙaba wa littattafan ilmi na intanet. A zaurukan Madabo, cikin birnin Kano, ɗalibi kan ari littafi wurin malaminsa, ya kwafa, ya mayar. Malam ya san shi, ya san gidansu, amma sanin nan bai wuce zaure ba. Yau kuwa akwai littattafan da jikansa ba zai samu ba sai ya miƙa sunansa da lambar wayarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Tun Disamban 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka lambar waya ba ƙaramin sirri ba ce. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana tara bayanan da suka wuce bukata. To, ina ruwan littafin nahawu da lambar mai karatu? A ganinmu, abin da aka biya da sirri ciniki ne. Ya kamata mu malamai mu ajiye rubuce-rubucenmu inda ɗalibi zai ɗauka ba tare da an tambaye shi komai ba.