Ina Marubutanmu Suke?

'Yan'uwa ɗalibai, tun da aka ƙaddamar da 5G a Legas a 2022 ake ta yabon saurin waya, ni kuwa sai na tuna da Satumbar 2021, lokacin da gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara duka saboda 'yan bindiga. Gusau ta samu nata ranar 1 ga Oktoba, amma Tsafe da Bunguɗu sai ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan mutane suka koma rubuta wasiƙa, ana bai wa direba a tasha. Uwa kan kwana ba ta san ko ɗanta ya isa lafiya ba.

To, na karanta littattafan da matasanmu ke yaɗawa ta waya. Abin da na fi tararwa shi ne attajiri da budurwa a Abuja ko Dubai. Ban raina soyayya ba, amma wace soyayya ta kai ta wanda ya yi wata uku bai ji muryar masoyiyarsa ba? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Labarin yana ƙofarmu. A ɗauki alƙalami.