Salsala da Imani: Tsokaci Kan Yadda Ake Ba da Labarin Isawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ba ya wasa da asali. Kafin a ba mutum aure ko sarauta sai an tambayi ɗan wane ne, jikan wane ne. Ga Hausawa Kirista tambayar tana da nauyi na musamman, domin sau da yawa akan ɗauki imaninsu baƙon abu ne da Bature ya zo da shi. Labarin Isawa yana daga cikin amsoshin da suke bayarwa. Wannan maƙala za ta dubi sigar labarin, ta nuna cewa an gina shi ne irin ginin salsala, wato daga jikoki ake waiwayen kakanni.

2.0 Labarin a Taƙaice

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa. An kashe shi a Kano, almajiransa suka watse, wasu suka fake a ƙasar Ningi. Su ne aka kira Isawa. A shekarar 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Waɗanda suka karɓi Kiristanci suka kafa zama a Gimi, har ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Da mishan ya koma Wusasa a 1929, can ragowarsu suka samu matsuguni. Miller ya kawo labarin a littafinsa Reflections of a Pioneer na 1936.

3.0 Sigar Labarin

Wanda ya lura zai ga labarin yana tafiya bisa gaɓoɓi huɗu: kaka mai gaskiya da aka kashe, zuriya da ta watse, jiran wanda zai zo da cikakken bayani, sa'an nan cikar alkawari. Ƙarfin wannan tsari shi ne ya ba iyalai asalin da ya girmi zuwan Turawa. Mai wannan labari yana iya cewa kakansa ya nemi Isa tun Miller bai taka ƙasar Hausa ba.

Sai dai a nan rauninsa yake. Labarin ya mai da Malam Ibrahim tamkar Kirista mai jiran baftisma, alhali kuwa malamin Musulunci ne, da Alƙur'ani ya kafa hujja. Ian Linden, wanda ya yi nazarin Isawa a shekarun 1970, cikin tarihin Musuluncin ƙasar Hausa ya ajiye su. Haka kuma ba dukkan Isawa ne suka bi Miller ba. Waɗanda suka tsaya kan tafarkinsu na da, labarin ya bar su a baya, domin ba ta kansu zaren ya bi ya iso Wusasa ba.

Wannan zaɓe ɗabi'ar salsala ce a ko'ina. Bisharar Matiyu ta buɗe da jerin kakanni kashi uku, kowane kashi tsara 14, kuma an tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, tsarin ya daidaita. Maroƙin fada ma haka yake yi in yana jero kakannin sarki. Saboda haka aikin manazarci shi ne ya tambayi wa aka ambata, wa aka tsallake, kuma don me.

4.0 Shaidar Harshe

Abin da labarin ya rage, harshe ya adana shi. Dubi sunan Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da na mahaifinsa Malam Bulus Audu. Ishaya da Bulus daga Littafi Mai Tsarki suke, Audu kuwa daga Abdu na Larabci, ga kuma laƙabin Malam a gaba. Suna ɗaya ya ɗauko gado biyu.

Haka abin yake a kalmomin ibada. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Miller ya yi wa babban aiki, ta dogara ne da kalmomin da Hausa ta riga ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci, irin su Allah da annabi da mala'ika da addu'a da zunubi da tuba. Har yau Bahaushe Kirista sujada yake kiran taron ibadarsa. Wannan ya nuna cewa imanin ya sauya, amma da harshen kakanni aka ci gaba da furta shi.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon Isawa gidaje biyu ne suka raba shi. Mai bin salsalar waɗannan iyalai ya kamata ya haɗa labarin mishan da na Isawan da ba su je Gimi ba, ya kuma auna su da sunaye da kalmomi. Dattawan da suka ji labarin daga bakin iyayensu suna ƙarewa, don haka tattara shi aiki ne da ba ya son jinkiri.