Karta ta bar hannun mai dabo

A daren 9 ga Fabrairun 2024, jajibirin sabuwar shekarar Sinawa, gidan talabijin na ƙasar Sin, CCTV, ya ba Lu Chen, mai dabon nan ɗan Taiwan, 'yan mintuna a shagalin da ɗaruruwan miliyoyin mutane suke kallo duk shekara. Bai zaro tattabara daga hula ba. Cewa ya yi kowa, da na cikin zaure da na gida, ya ɗauki kati huɗu na karta ya yage su gida biyu, ya ɗora rabi kan rabi. Daga nan umarni ya dinga bin umarni. Kowa ya mayar da guntaye ƙasa gwargwadon tsawon sunansa. A cusa ukun sama a tsakiya, a ɓoye wanda ya dawo sama. 'Yan kudu su cusa ɗaya, 'yan arewa biyu. Maza su yar da ɗaya, mata su yar da biyu. Da aka gama ƙirge-ƙirge da jefe-jefe, guntu guda ya rage a hannun kowa, aka zaro na ɓoye, sai ga su sun haɗu sun zama kati ɗaya.

A kan dandamalin dai mutum ɗaya ne abin ya ƙi, wato Nigmat Rahman, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin. Wani mataki ya kuɓuce masa, guntayensa suka ƙi haɗuwa, ya riƙe su yana murmushin yaƙe, kyamara kuwa ba ta rufa masa asiri ba. Washegari zancensa ya cika kafafen sada zumunta na ƙasar Sin, ɗaliban lissafi kuma suka baje yadda wasan yake aiki dalla-dalla.

Abin da Lu Chen ya yi shi ne yayin da ake yi yanzu a wasan dabon karta: a miƙa wa 'yan kallo kartar, mai wasa ya naɗe hannu. Yayin yana da dalili mai ƙarfi, kuma ya haifar da wasanni masu ƙayatarwa. Sai dai an fara rikita abubuwa biyu da ba su da haɗi, wato sa ɗan kallo aiki da ba shi iko. Mafi yawan abin da ake tallatawa da sunan “kowa ya shiga” aiki ne zalla.

Matsalar ta samo asali daga girman katin kansa. Faɗinsa santimita 6 da ɗoriya, tsawonsa bai cika 9 ba. Johann Hofzinser, wanda masu wannan sana'a suke ɗauka uba a dabon karta, a ɗakin baƙi yake wasansa a birnin Vienna cikin ƙarni na 19, gaban mutanen da za su iya miƙa hannu su taɓa teburinsa. Idan aka kai wannan kati zaure mai kujera dubu, na sahun baya ba ya bambance ja da baƙi. An gwada manyan katuna masu girman faranti. Daga baya aka kawo kyamara da babban allo, kuma da su ne Shin Lim ya lashe gasar America's Got Talent a 2018, yana wasa shiru, kiɗa na tashi, katuna na ɓacewa tsakanin yatsunsa. Gwaninta ce da ba a musunta, amma wanda ya sayi tikiti ya zauna a baya talabijin ya zo kallo.

Ga kuma wayar hannu. Motsin yatsa da mutum ya shekara goma yana gogewa, yaro zai iya tsayar da bidiyonsa a YouTube ya bi shi hoto-hoto har ya ga inda katin ya shige. Tun a 1997 mai dabo David Blaine ya gane cewa abin sayarwa ya tashi daga hannun mai wasa, shi ya sa a shirinsa Street Magic ya juya kyamara kan fuskokin mutanen titi suna ihu suna ja da baya. Mataki na gaba a fili yake: tunda an daina yarda da hannun mai dabo, a yi abin a hannun mai shakka.

Mutanen Sifaniya ne suka fi kowa zurfafa wannan tunani. Juan Tamariz, wanda aka haifa a Madrid a 1942, ya ci kambun karta na gasar duniya ta FISM a Paris a 1973, ya yi dabo ta gidan rediyo, inda ba mai ganinsa balle ya zargi hannunsa. Mai sauraro ne yake riƙe da karta a ɗakinsa yana bin murya. Wasan yaga kati huɗu kuma an san shi da sunan Woody Aragón, wani ɗan ƙasar, kuma masu dabo Penn da Teller sun sa dubban mutane sun yi shi a zaurensu na Las Vegas. Da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, wannan salo ne ya ciyar da masu dabo da yawa. Helder Guimarães ɗan Fotugal ya shirya The Present tare da gidan wasa na Geffen Playhouse da ke Los Angeles: ana aika wa masu tikiti ƙaramin akwati ta gidan waya, ba za su buɗe ba sai an haɗu a Zoom, gida 25 a kowane zama.

To, mene ne ɗan kallo yake yi a wasan yaga kati? Tunda Sinawa sun riga sun tona, faɗinsa a nan ba cin amana ba ne. Idan aka yage kati huɗu aka ɗora rabi kan rabi, guntu na ɗaya abokin na biyar ne, na biyu abokin na shida, haka har na huɗu da na takwas. Mayar da guntaye daga sama zuwa ƙasa ba ya ɓata wannan jeri, ko sunan mutum gajere ne ko dogo. Da zarar an cusa ukun sama a tsakiya, na sama da na ƙasa sun zama abokan juna. An ɓoye na sama. Duk abin da ya biyo baya, kudu da arewa, maza da mata, ado ne da ba ya taɓa guntun da ke ƙasa, kuma ƙirgen ƙarshe tsohon lissafi ne da ake kira matsalar Josephus, an auna shi yadda wancan guntu ne zai saura. Zaɓin da aka ba mutum sau huɗu ko biyar, babu ɗaya da zai iya sauya sakamako. Hanya ɗaya tak ɗan kallo yake da ita ta yin tasiri, ita ce ya yi kuskure, kuma Nigmat Rahman ne ya bi ta. Ba mamaki shi mutane suka fi tunawa, don shi kaɗai ne abin da ba a tsara ba a cikin mintunan nan.

Wani zai ce ai dabo duk yaudara ce, kuma gaskiya ne. Tun 1584 Reginald Scot ya buga littafi a Ingila yana bayyana dabarun masu wasa da karta da tsabar kuɗi don ya nuna wa alƙalai cewa wayo ne da saurin hannu, ba maita ba. Zaɓin bogi ma tsohon makami ne. Jay Olson, mai dabo kuma mai binciken halayyar ɗan Adam a Kanada, ya gwada shi a kan mutane: yana fifita karta da sauri a gaban mutum ya ce ya zaɓi ɗaya a ransa, alhali kati guda ya ɗan fi sauran jinkiri. A sakamakon da ya fitar a 2015, kashi 98 cikin ɗari sun ɗauki katin da ya nufa, kuma kusan tara cikin goma sun ce da ra'ayinsu suka zaɓa. A wani binciken da ya yi da abokan aikinsa a 2012, da aka ce mutane su ambaci kowane kati cikin 52, fiye da rabinsu sun faɗa kan kati huɗu kacal. Haka batun cakuɗawa yake. Persi Diaconis, wanda ya bar gida yana ɗan shekara 14 ya bi gwanin karta Dai Vernon kafin ya zama farfesan lissafi a Stanford, ya nuna tare da Dave Bayer a 1992 cewa sai an cakuɗa fakiti kamar sau bakwai kafin jerinsa ya watse sosai. Ɗan kallo kuwa sau ɗaya ko biyu yake yi ya miƙa, ransa fes, ya gama rikita mai dabo.

Amma akwai bambanci, kuma a nan gardamar take. A gwajin Olson akwai kashi biyu cikin ɗari da suka ƙi. Mai wasan da ya dogara da irin wannan dabara ya hau dandamali da sanin cewa yau zai iya haɗuwa da mai taurin kai, wadda za ta ce ta sake shawara, ko dattijon da zai nemi ya ƙara cakuɗawa sau uku. Dole ya tanadi mafita ta biyu da ta uku, ya kuma bi ta ba tare da fuskarsa ta nuna ba. 'Yan kallo ba su san dabarar ba, amma jikinsu yana ba su cewa mutumin nan yana kan siraɗi. Dani DaOrtiz, wani ɗan Sifaniyan da ya rikita Penn da Teller a shirinsu Fool Us, a kan wannan ya gina sunansa. Yana watsa karta a tebur kamar bai damu ba, ya ce ɗauki wanda ka ga dama, mayar, sake ɗauka, ka tabbata? Hargitsin shiryayye ne, amma amsar mutumin tana sauya hanyar da zai bi. A wasan “kowa ya yage” kuwa mai dabo zai iya naɗar muryarsa ya tafi gida, sakamako ɗaya ne.

Abin da ya sa masu shirya wasa suke son na taron jama'a shi ne yana kashe zargin haɗin baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan wala-wala a tasha ya san mutumin da yake ta cin kuɗi a gaban jama'a nasu ne, kuma da irin wannan idon ake kallon duk wanda aka kira dandamali. Mutum dubu dai ba za a haɗa baki da su ba. Amma akwai magani mai sauƙi da ba ya mayar da zaure ajin firamare. Derren Brown na Ingila faifan roba yake jefawa cikin jama'a, wanda ya cafe shi ne zai hau. Wasu ƙwallo suke sa a jefa daga hannu zuwa hannu sau uku. Asi Wind ya fi su duka dabara a wasansa Inner Circle da ya buɗe a New York a 2022: kowane ɗan kallo yana rubuta sunansa a farin kati tun kafin a fara, waɗannan katunan su ne kartar daren. Wanda aka zaro katinsa ba zai manta da shi ba, ba kuma mai cewa akwai irinsa biyu a aljihun mai wasa.

Mantuwa, af, ita ce babbar abokiyar gabar mai dabo, ba wayon ɗan kallo ba. Mutumin da aka fito da shi daga duhu zuwa hasken fitilu, ɗaruruwan idanu a kansa, yana iya manta katin da ya gani daƙiƙa talatin da suka wuce. Shi ya sa gwanaye suke sa shi ya nuna wa jama'a katin, ko ya sa hannu a kai da alƙalami mai kauri. Suna tambayar sunansa su riƙe, su tsayar da shi inda ba zai ba jama'a baya ba, su ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Tsohon salon nan na mayar da baƙo abin dariya, a zare masa agogo, a yi wa mace ba'a kan mijinta, yana mutuwa, kuma ba a yi asara ba. Idan akwai alherin da yayin nan ya kawo wanda ba a jayayya a kai, shi ne mai dabon da zai miƙa wa mutum karta dole ya lallashe shi, don wanda aka kunyata ba ya bin umarni daidai.

Wasan da masu sana'ar suka fi girmamawa ma kusan ba ya sa ɗan kallo aikin komai. David Berglas, wanda ya rasu a Landan a Nuwamban 2023 yana da shekara 97, ya shahara da abu guda: fakiti yana ajiye a fili tun kafin a fara, mutum ɗaya ya ambaci kati, wani ya ambaci lamba daga 1 zuwa 52, a ba wani ya ƙirga da hannunsa, katin ya bayyana a kan lambar. Kalma biyu aka nema daga jama'a, amma kalmomin nasu ne, kuma Berglas bai san su ba sai da aka furta. A 2011 Richard Kaufman ya fitar da babban littafi kan ayyukansa, ya ware shafuka masu yawa ga wannan wasa. Masu dabon da suka saya da zumuɗin samun sirri guda sun tarar da tarin hanyoyi da ake zaɓa nan take gwargwadon abin da mutum ya faɗa da inda fakitin yake, kuma har yau kaɗan ne cikinsu suke da ƙarfin halin gwada shi yadda yake yi a gaban zaure cike da mutane.